Curin Dusar Ƙanƙara a Firizar Mama

Duk wanda ya zauna kusa da ni a bas ɗin unguwarmu ta Small Heath, a Birmingham, a shekarun nan ya shiga uku, don sai ya ji labarin Japan ko yana so ko ba ya so. Babu wanda ya koya min yarensu fa. A laburaren unguwa na fara da wani tsohon littafi mai yagaggen bango. Da hukumar gari ta rage ranakun buɗe laburaren sai na koma waya, ina saurare ina maimaitawa a banɗaki don kada a yi min dariya. Mama har ta taɓa tsayawa a bakin ƙofa tana tofa addu'a, ta ɗauka wani abu ne ya shige ni.

A lokacin gidanmu ba lafiya, saboda Autanmu. Yaro ne ɗan sakandare amma jikinsa ya fi nawa, ga zuciya. Da can yana zuwa dambe a gidan matasa na unguwa, ya daki buhu ya dawo gida laƙwas, ya ci tuwo ya kwanta. Sai aka rufe wurin, wai babu kuɗin riƙe shi. Tun daga nan hannun Auta ya rasa buhu ya koma kan mutane. Ya fasa wa wani yaro hanci a tashar bas. Sannan a wani taron suna a Manchester ya kama ɗan Kawu da kokawa har suka kifar da teburin abinci, miya ta wanke wa wata Hajiya leshi.

Shi ɗan Kawun nan taubashinmu ne. Kawu yayan Mama ne, saboda haka wasa ne tsakaninmu tun asali: shi ɗan namiji, mu 'ya'yan mace, wai mu bayinsa ne. Ni na san wasan, in ya ce min bawa sai in ce masa to ubangida kawo kuɗin goro. Auta kuwa a Birmingham aka haife shi, a nan ya yi makaranta. Ya ji wani ya kira shi bawa a gaban mutane, ai sai naushi.

Baba akanta ne, ba ya ihu. In Auta ya dawo ana zarginsa da faɗa, ba ya tambayarsa komai, sai dai ya ce, “Kawo hannunka.” Ya juya bayan hannun, ya duba gaɓoɓin yatsu. In sun kumbura ko sun ɗaye, magana ta ƙare. Bayan abin Manchester ya duba, ya saki hannun, ya ce, “Wallahi ka sake dukan ɗan wani, Funtua za ka ƙarasa makaranta, wurin Baffanka. Na rantse, ka ji.” Auta bai taɓa kwana a Funtua ba, Hausarsa ma da ƙyar take tsayawa. Mama ta shiga kicin ta yi kukanta.

Cikin wannan hali na samu hanyar tafiya. Wani tsoho da matarsa masu masaukin baƙi a wani garin masunta, can ƙarshen arewacin Japan a bakin teku, suna neman mai kwashe musu dusar ƙanƙara, su ba shi ɗaki da abinci. Baba ya dube ni ya ce, “Wato sanyin nan bai ishe ka ba, sai ka je ka nemo ubansa.” Amma ya bar ni.

Kai jama'a! Abin da muke kira sanyi a Ingila wasan yara ne. A garin nan teku ce da kanta take daskarewa. Ƙanƙara ke tasowa daga arewa, falan-falan kamar rufin gidaje, ta cika bakin ruwa har iyakar ganinka, fari fat. Kuma ba shiru take ba. In ka tsaya a gaɓa za ka ji tana kuka, tana gurnani, wannan falan yana hawa kan wancan yana karya shi. Na shiga jirgin ruwan da ke kai baƙi kallo. Shi ba ratsa ƙanƙarar yake ba, hawa kanta yake da ƙirjinsa, ya danna, ta tsage da ƙara kamar an harba bindiga, jirgin ya faɗa, haƙoranka su haɗu. Wata mata kusa da ni ta zame ta bugi ƙarfe, goshinta ya fashe, ta danne da kyalle ta ci gaba da ɗaukar hoto. Ga manyan gaggafa a kan ƙanƙarar, bakinsu ruwan ɗorawa, in an jefa kifi sai su faɗa wa juna da farce, gashi yana tashi, jini yana ɗiga a kan farin nan.

Aikina ma yaƙi ne. Kullum da safe ni da shebur. Wata rana ina kwasa a gindin bango, ban ankara ba sai na ji an fizgi wuyan rigata ta baya, na faɗi zaune. Dusar da ta taru a rufi ce ta sulmiyo gaba ɗaya, ta dira daidai inda nake tsaye, ta karya shebur ɗin gida biyu. Tsohon ne ya fizge ni. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ya zazzaga min faɗan da ban fahimci rabinsa ba, yana nuna min sama. Daga nan ban sake tafiya a gefen gida ba sai tsakiyar hanya.

Na ga abubuwa. Na huda ƙanƙarar tafki na kama 'yan mitsi-mitsin kifi aka soya mana a take. Na ci ƙaguwa mai ƙafa kamar hannun jariri. Wankan ruwan zafin nan nasu ne kawai na kasa, don da na leƙa na ga dattawa zindir babu ko ɗan kamfai, sai na ce a kai kasuwa, na juyo. Tsohuwar ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Amma abin da ya tafi da hankalina shi ne wasan jifa. Ran wata Lahadi tsohon ya kai ni filin makaranta. Na ɗauka yara za mu gani. Ina! Ƙarti ne, masunta, da ma'aikatan gidan waya, har da mata, kowa da hular kwano mai gilashi a fuska. An gina 'yan katangu na dusa a fili, kowane ɓangare da tutarsa. Akwai wani ƙarfe mai ramuka kamar tandar waina, a cika shi da dusa a kifa a buga, curi su fito daidai wa daida, nan take a gefen fili. Alƙali ya busa usur, sai ruwan jifa. Wallahi za ka ji iskar curi tana wucewa. Mutum ya taso a guje zai fizge tuta, a same shi a ƙirji, a fuska, dusa ta tarwatse. To ga abin mamakin: duk wanda aka samu, ko yana tsakiyar fushi, sai ya tsaya cak, ya ɗaga hannu, ya ɗan rusuna, ya fita. Babu ramuwa. Na ga wani gabjeje da aka dame shi a kunne, fuskarsa ta yi jawur, ya rusuna wa ɗan siririn da ya jefe shi, ya koma gefe yana huci kamar sa.

Ina tsaye a wurin Auta kawai nake gani. Na ce wannan shi ne maganinsa. Ya jefi mutum iya ƙarfinsa, a jefe shi, kuma babu wanda za a kai Funtua.

Na dawo gida da maganar a bakina. Na zana fili a bayan kwalin madara, na koya wa Auta dokoki, na nuna masa rusunawar. Ya ce in ya rusuna wa ɗan Kawu to a binne shi. Na kira ɗan Kawu a waya na ce Birmingham na ƙalubalantar Manchester. Ya ce, “Bayi sun yi ƙiba ke nan. Ku share fili, muna tafe.” Matsala ɗaya: babu dusa. Hunturun nan ruwa kawai ake yi, shaa, shaa.

Sai ran wata Talata muka tashi gari ya yi fari. Na fita bayan gida kamar zan yi hauka. Amma dusar Birmingham ba ta da alƙawari, kafin azahar ta fara zama taɓo, su kuma mutanen Manchester sai Asabar za su samu zuwa. Ina tsaye ina kallon tana narkewa, Mama ta leƙo ta taga.

“Kai wai me ya same ka kake zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai?”

Na faɗa mata. Ta ce, “Wannan ne abin damuwa? Firiza fa?”

Ku gane, a gidanmu duk abin da ake so ya kwana firiza ake sa shi. Wata ƙatuwa ce mai murfi a sama, naman layya na ciki, daddawa na ciki, attaruhu, kuka, burodi, har goron Baba. Ita kuma Mama duk abin da zai hana a ɗauke mata Auta, ko dutse ne za ta dafa. Ta sa safa da silifas, ta yafa mayafi a kan rigar sanyi, ta fito da roba cike da ruwa. Ta ɗauki curin da na yi, ta matsa, ya wargaje.

“Wannan ai aikin ragwaye ne. Matsa can.”

Ta tsoma hannu a ruwa kamar mai malmala tuwo, ta dunƙula, ta matse, ta sake tsomawa, ta shafe shi sumul. Curi ya fito kamar na fura, yana sheƙi. Na ce, “Mama, wallahi ko a Japan ban ga mai kyan wannan ba.” Daɗi ya kama ta. Muka wuni muna yi, yatsunta sun sandare tana hura musu iska tana ci gaba. Aka ture naman layya gefe, aka jera su a ledoji.

Asabar da hantsi suka iso, mota biyu. Muka zuba curi a kulolin abinci na biki, muka nufi filin ajiye motoci na bayan gidan matasan nan da aka rufe. Dusa ta riga ta tafi, sai baƙar kwalta. Durom-durom na shara muka jera a matsayin katanga. Tuta kuwa ɗankwalin Mama ne a jikin sandar mofa ta goge ɗaki, ɗaya ja ɗaya kore. Hular kwano ta keke guda biyu ce kacal a wurin, sauran kowa da hular sanyi. Da na buɗe kula curin sun manne da juna, sai da cokali muka ɓamɓare su. Wani daga cikin mutanen Manchester ya ɗaga ɗaya ya ce, “Wannan fa da nauyi.” Na ce masa haka na ƙwararru yake.

Ni ne alƙali. Na maimaita doka: an same ka, ka ɗaga hannu, ka rusuna, ka fita. Na busa usur.

Jifan farko durom ya samu. Ƙarar ta yi kamar an saki tayar mota, tattabaru suka tashi daga rufi. Curin bai ko tsage ba, ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin wata mota. Kowa ya tsaya. Da a nan muka daina da shi ke nan. Sai wani ya fashe da dariya, wani ya wurgo na biyu, shi ke nan fa.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ɗan maƙwabcinmu, wani yaron Jos da ke ɓangarenmu, aka same shi a gwiwar hannu, ya ƙwala ihu ya durƙusa. Maimakon ya fita sai ya rarumi curi da ɗaya hannun ya rama. Wani ɗan Manchester leɓensa ya fashe, ya tofar da jini ya ce uban wa ya jefe shi. Ina busa usur ina cewa, “Ka fita! An same ka, ka fita!” Babu mai ji na. Murfin wani durom ya tsage. Madubin gefen ɗaya daga cikin motocin da suka zo da su ya tarwatse. Curi ba ya ƙarewa kuma, don ba ya fashewa, wanda aka jefo maka shi za ka tsince ka mayar.

Ɗan Kawu yana laɓe a bayan durom kusa da tutarsu yana ihu. “Ina ƙaramin bawana? Auta! Fito mana, ko Mama ce ta goya ka?”

Na ga Auta ya miƙe. Ya sunkuyar da kai ya taho a guje ta gefe, yana kauce wa jifa, wallahi kamar masuntan nan. Saura kaɗan hannunsa ya kai ga ɗankwalin, ɗan Kawu ya taso ta bayan durom ya sakar masa curi daga kusa, iya ƙarfinsa.

A girar hagu ya same shi. Na ji ƙarar daga inda nake. Auta ya yi baya ya faɗi a kwalta, ya tashi da gwiwa ɗaya, jini ya rufe masa rabin fuska yana zuba a rigarsa kamar an buɗe famfo. Ɗan Kawu ya saki baki. Auta ya miƙe tsaye, ya fi shi tsawo da faɗi, ya dunƙule hannu. Na san wannan tsayuwar, ita ce ta ranar suna. Na ji bakina yana cewa, “Auta, Funtua! Auta, Funtua!”

Ya daɗe a haka, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa. Sai ya ɗaga hannun sama. Ya ɗan sunkuya, irin sunkuyawar da ta fi zagi zafi, jini yana ɗiga a kan takalmin ɗan Kawu. Ya juya ya tafi bakin kwalbati ya zauna, ya cusa hannayensa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su.

Sauran ne ba su haƙura ba. 'Yan unguwarmu suka ga jinin Auta suka yi kan mutanen Manchester, aka watsar da curi aka koma naushi da shuri. Aka kifar da durom, shara ta watse. Wani ya zare sandar tuta ya shiga rabon duka. Na kutsa tsakiya da usur a baki zan raba, wani gwiwar hannu ya same ni, usur ɗin ya ɓantare min haƙorin gaba. An danne ɗan Kawu a ƙasa ana kirɓa. Shi kuwa Auta yana zaune a kan hannayensa yana zunduma ashar da Turancin Birmingham, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana jijjiga kamar zai tsage, amma bai tashi ba. Sai da wata mata ta leƙo daga benen gidanta ta ce ta kira 'yan sanda, sannan kowa ya dawo hayyacinsa.

A asibiti muka ƙarasa yinin, aka ɗinke girar. Likita ta ce da ya sauko kaɗan da ido ne. Muka shigo gida bayan la'asar, ni da ɓantaren haƙori, ɗan Kawu da kumburarren ido, Auta da bandeji da riga jina-jina. Baba yana zaune a falo. Labari ya riga mu isowa, Kawu ya kira daga Manchester. Wayar Baba na kan cinyarsa, na ga sunan Baffa na Funtua a fuskarta.

Na fara, “Baba, wasa ne, a Japan—”

“Rufe min baki da Japan ɗin nan.” Ya dubi ɗan Kawu da idonsa, ya dubi Auta. “Na rantse ko ban rantse ba?”

“Ka rantse,” in ji Auta.

Ɗan Kawu ya durƙusa. “Baba, wallahi ba shi ba ne. Ni na fasa masa kai. Bai taɓa ni ba.”

“Kai yi min shiru, rufa masa asiri za ka yi. Auta, kawo hannunka.”

Ya miƙa. Baba ya sa tabarau, ya juya na dama, ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Ya karɓi na hagu. Babu kumburi, babu ɗayewa, sai shatin tsakuwar kwalbati a bayan hannun. Ya sake dubawa. Ya saki hannun.

Mama ta fito daga kicin riƙe da curi ɗaya da ya rage a firiza, idonta ya yi ja. “Alhaji, ni na cura su. Da hannuna. In akwai mai zuwa Funtua to ni ce.”

Baba ya karɓa, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya tashi ya je ƙofar kicin, ya sake shi daga tsayin ƙirji. Curin ya daki tayil, tayil ɗin ya tsage, shi ko gezau, ya gangara ƙarƙashin kukar girki.

Ya dubi Auta. “Da wannan aka same ka?”

“Eh.”

“Ɗan Kawun naka yana tsaye a gabanka?”

“Eh, Baba.”

“Me ka yi?”

Auta ya harare ni da ido ɗaya. “Na rusuna masa.”

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ya ɗauki wayar ya sa a aljihu. “Funtua tana nan, ba ta gudu ba,” ya ce. “Je ka canza riga.” Sannan ya juyo gare ni. “Kai kuma Bajafane, tayil ɗin nan kai za ka yi wa mai gidan da muke haya bayani. Da yarensu in ka ga dama.”

Auta na hawa bene, ɗan Kawu ya ɗaga kai da idon nan nasa da ya rufe ya ce a hankali, “Sannu, bawana.” Mama ta dafe ƙirji. Auta ya tsaya a matakala bai juyo ba.

“Ubangida,” ya ce da karyayyiyar Hausarsa, “kawo kuɗin goro.”